Gida Ba Soro a Hawa na 14: Yadda Aka Gyara Ƙofar Wani Bakano a Guangzhou

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bakano ne ɗan shekara 47, zan riƙa ce masa Alhaji kawai. Sana'arsa wakilcin 'yan kasuwa a birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin. Ɗan Kantin Kwari ko ɗan kasuwar Maraɗi zai turo kuɗi da samfur, shi kuma ya bi kamfanoni, ya duba kaya, ya haɗa kwantena, ya ɗauki la'adarsa. Ya fara zama a can tun 2012, ya dawo gida lokacin korona, ya koma a watan Maris na 2023 bayan an ɗage dokar killace matafiya. Ni harkata tayil da kayan gini, ita ke kai ni Foshan, garin da ke maƙwabtaka da Guangzhou. Na sauka a gidansa sau uku: Oktoba 2023, Afrilu 2024 da Oktoba 2024. Abin da ban gani da idona ba daga bakinsa na ji, ko daga bakin tafintansa.

A watan Agusta na 2023 ya kama hayar gida a wani dogon bene kusa da Xiaobei, cikin gundumar Yuexiu, unguwar da Musulmin Afirka suka daɗe suna taruwa saboda gidajen abincin halal da kusancin masallacin Xianxian inda da yawa ke zuwa Juma'a. A Satumba iyalinsa suka iso: uwargida da yara biyu, ɗan shekara bakwai da 'yar shekara uku.

Gidan yana hawa na 14, kuma hayarsa ta yi ƙasa da ta irinsa na hawa na 12 da yuan 600, kuɗin Sin, a wata. Dalili shi ne lamba huɗu a bakin Sinawa tana kama da kalmar mutuwa, a harshen mutanen Guangdong kuma, lardin da Guangzhou yake, 14 tana fita kamar an ce "mutuwa tabbas". Alhaji ya ce rai a hannun Allah yake, ya biya.

Ga yadda ƙofar take. Faɗinta santimita 95, tana buɗewa ciki. Da ka tura ta kana cikin falo, babu wani ɗan lungu tsakani. Daga bakinta zuwa ƙofar gilashi ta baranda mita takwas da rabi ne, a miƙe kamar an ja zare. Ƙofar kicin tana hannun hagu, taku biyu daga mashiga. A waje kuma, ƙetaren korido mai faɗin mita 1.8, ƙofar maƙwabci ce ke kallon tasa ido da ido. Maƙwabcin dattijo ne ɗan garin, shi da matarsa, sun yi ritaya.

## Oktoba zuwa Nuwamba 2023: matsala ta bayyana

Babban baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957, ya ci daga 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba a waccan shekarar. Wannan shi ne kakar Alhaji. Duk daren duniya mutum takwas zuwa goma sha biyu ke zuwa cin tuwo a gidansa, domin Bahaushen da ya kwana huɗu yana cin taliyar Sinawa ba ya wasa da gayyatar miyan kuka.

A mako na farko aka gane cewa gidan ba shi da inda baƙo zai tsaya. A Kano mai sallama yana da soro. Zai shiga inuwa, ya zauna a tabarma, a aika yaro ciki, matan gida su kintsa, kuma ƙofar ciki ba ta taɓa fuskantar ta waje, sai ka karya kwana kafin ka ga tsakar gida. A nan kuwa da an buɗe ƙofa idon baƙo ya riga ƙafarsa shiga, ya wuce falo, ya dira a baranda inda ake shanya. Uwargida ta ƙirga wata rana: sau goma sha ɗaya ta bar abin da take yi ta ruga ɗaki neman mayafi, kuma hanyar ɗakin daga kicin dole ta ratsa gaban ƙofar.

Ina nan a daren da wani dattijon ɗan kasuwa, abokin mahaifin Alhaji, ya yi sallama aka buɗe masa, ya hango uwargida tana kwashe kwanuka, ya ja da baya ya koma jikin bangon korido. Alhaji ya ce, "Baba, bismillah, shigo mana." Ya ce, "Alhaji, gidan nan naka ba shi da soro, ina zan tsaya?" Ya ci abinci a ranar, amma har aka tashi baje koli bai sake zuwa ba.

Sai takalma. Mutum goma takalmi ashirin ne, ga na 'yan gida. Suna taruwa a bayan ƙofa har ta ƙi buɗewa gaba ɗaya, mai shigowa sai ya ratse. Sai iska. Idan ƙofar baranda tana buɗe aka buɗe ta waje, iska na ratsa gidan da ƙarfi, ta kwashi ƙamshin daddawa da soyayyen manja ta zuba a korido, sannan ta maido ƙofar da bugu. Ranar 28 ga Oktoba ƙofar ta datse wa ƙaramar yarinyar yatsa, farcen ya fita.

Sinawan da yake hulɗa da su ma ba su saki jiki ba. Wani mai kamfanin yadi da ya gayyata shan shayi ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli baranda, ya waiwaya ya kalli ƙofar maƙwabci, ya yi wa tafinta wata magana a hankali. Tafintan, wani matashi Musulmi ɗan ƙabilar Hui daga Ningxia wanda suke magana da Alhaji da Larabci, bai fassara ba a lokacin.

Ranar 6 ga Nuwamba Alhaji ya fito sallar asuba ya ga an rataye wani abu a saman ƙofar maƙwabci: katako mai kusurwa takwas, an zana masa gajerun layuka, a tsakiyarsa ɗan madubi mai tudu yana kallon ƙofarsa. Bahaushe ya ga irin wannan a ƙofar gidansa, abu ɗaya zai zo masa a rai. Ya ɗauka asiri aka yi masa. Daga ranar ya daina gaida dattijon, ya hana yara tsayawa a korido.

## Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: gwaji uku na farko

Abin da ya fara yi shi ne labule. Ya sayo yadi mai kauri a kasuwar Zhongda, aka ɗaura igiya santimita 70 daga ƙofa, daga bango zuwa bango. Labulen ya rufe ido muddin iska ba ta motsa ba. Da an buɗe ƙofa sai ya kumbura ya ɗaga, wato a daidai lokacin da ake bukatarsa yake tona asiri. Ya kuma mayar da mashigar duhu, mutum biyu sun yi tuntuɓe da takalma a bayansa.

Na biyu, ya fitar da takalman waje. Ya sa kanta mai hawa huɗu a korido. Kwana tara ta yi, ofishin da ke kula da benen ya manna takarda cewa dokar kashe gobara ta hana ajiye kaya a hanyar fita, a ɗauke cikin kwana uku. Alhaji ya zargi maƙwabci da kai ƙara, abin ya ƙara tsami.

Na uku, saboda duhun da labule ya kawo, ya sayi madubi mai tsayin mita 1.6 ya jingina shi yana fuskantar ƙofa a karkace, don ya maido haske. Madubin ya maido haske, ya kuma ɗauko hoton cikin kicin ya miƙa wa duk wanda ke tsaye a korido. Uwargida ce ta gano haka da kanta ranar da ta dawo daga kai yaro makaranta. Ta ce, "Alhaji, da can sai an shigo ake ganina, yanzu tun daga waje."

## Fabrairu 2024: kyautar mai gida

Sabuwar shekarar Sinawa ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu. Kwana huɗu kafin nan matar da ke da gidan, tsohuwa 'yar shekara saba'in da wani abu, ta zo da tukunyar ɗan itacen lemu mai ƙananan 'ya'ya, irin wanda mutanen Guangdong ke ajiyewa a ƙofa a wannan lokaci. Da ta ga madubi yana kallon ƙofa ta dafe ƙirji. A wannan zama ne tafinta ya buɗe wa Alhaji abin da ya daɗe yana ɓoyewa don kada ya ɓata masa rai.

Ya ce sunan abin feng shui, ma'anarsa "iska da ruwa". Tsohon ilmin Sinawa ne na zaɓen wurin kabari da wurin gida, sunan ya samo asali daga wani littafi kan binne mamata da ake jingina wa Guo Pu, malamin da ya rasu a shekara ta 324. Tushensa shi ne akwai wani ƙarfin rayuwa da suke kira chi, wanda iska ke tarwatsawa ruwa kuma ke tsayarwa. Ƙofar gida ita ce bakin da chi ke shiga, ana so ya shigo ya zagaya a hankali ya zauna. Gidan da ƙofarsa ke kallon baranda a miƙe suna ce masa chuan tang sha, cutar da ke ratsa falo, kuma a wurinsu arziki ba ya zama a irinsa, yana shiga yana fita. Abin da mai kamfanin yadi ya faɗa ke nan a Oktoba. Ƙofa biyu masu kallon juna ma aibi ne a wurinsu, ana cewa ɗaya za ta rinjayi ɗaya. Katakon maƙwabci kuwa sunansa bagua, madubinsa mai tudu an yi imani yana mayar da mugun abu inda ya fito. Dattijon tsoro yake ji, yana kare kansa ne. Tafinta ya ƙara da cewa ko tsakanin Sinawa rataye wannan madubi yana kallon ƙofar wani rashin ladabi ne, ana faɗa a kansa.

Tsohuwar ta zo da magani iri biyu. Tsofaffin sulalla biyar na sarakunan daular Qing, daga Shunzhi zuwa Jiaqing, an ɗaure da jan zare, a sa a ƙarƙashin tabarmar ƙofa. Da jar takarda mai haruffa huɗu masu roƙon albarka daga wani abin bauta na addinin Dao, a manna a saman ƙofa, wadda ita ce aka saba yi wa ƙofofi masu kallon juna.

Alhaji ya karɓi lemu ya yi godiya. Sulalla da takarda ya ce ba zai iya ba, addininsa ya hana rataya abu da nufin ya jawo alheri ko ya kore sharri. Ta tafi ranta a ɓace, ta ce wa tafinta masu haya biyu kafin shi duk sun tashi da asara, ita taimako take nufi. Madubin dai an juya shi ya kalli bango a ranar.

## Maris zuwa Afrilu 2024: azumi da laima

A watan Maris kudancin Sin na shiga wani yanayi da suke kira huinantian, iska mai ɗumi da danshi ta taso daga teku ta sami bango da tayil masu sanyi, sai ka ga bango yana gumi, ƙasa tana santsi. Labulen ya sha laima ya yi funfuna, takalman da ke bayansa suka ɗauki wari. Azumi ya kama ranar 11 ga wata, masu zuwa buɗa-baki suka ƙaru, abin da ke tarbarsu a ƙofa shi ne wannan wari da duhu. An cire labulen a tsakiyar azumi, aka koma gidan jiya.

Na iso bayan ƙaramar salla, lokacin baje kolin bazara da ya fara 15 ga Afrilu. Alhaji ya daina gayyatar mutane gida, yana kai su gidan abinci a Xiaobei, abin da ke cin yuan 400 zuwa 500 a dare. Uwargida kuma ta fara maganar komawa Kano da yara. Yarjejeniyar haya shekara biyu ce, tashi kafin lokaci na nufin asarar kuɗin ajiya na wata biyu.

A wannan tsakanin ya kira wani malaminsa a Kano ya zayyana masa komai. Ya ce, "Allah gafarta Malam, mai gida na so ta kawo masaninsu ya duba ƙofar, in bari?" Malam ya ba shi ma'auni mai sauƙi. Duk shawarar da sababinta a fili yake, ido na gani hankali na kamawa, kamar bango ya tare iska, ya ɗauka ko daga bakin wa ta fito. Duk abin da za a rataya ko a binne don sa'a, da duk lissafin ranar haihuwa don sanin gobe, ya bar musu. Ya tuna masa hadisin da ke cewa an wajabta neman izini ne saboda gani, ya ce gidan da ido ke shiga kafin a ba da izini yana bukatar gyara ko babu Basine ko ɗaya a duniya.

## 11 ga Mayu 2024: zuwan masani

Tsohuwar ce ta kawo shi ta kuma biya shi. Mutum ne mai kimanin shekara sittin, ya zo da luopan, wani faffaɗan kamfas mai zobba da yawa wanda ya raba sararin duniya gida 24, kowane gida digiri 15. Ya tambayi shekara da wata da sa'ar haihuwar Alhaji, tafinta ya ce ba za a bayar ba. Bai yi musu ba. Ya ce a sana'arsu akwai masu lissafin kamfas da taurari, akwai masu duban siffar wuri, yau zai tsaya a siffa.

Kusan minti arba'in ya yi, yawanci a tsaye a bakin ƙofa. Ya sa aka buɗe baranda, ya riƙe siririyar takarda a mashiga, ta kwanta. Ya sa aka kunna murhu, ya fita korido ya shinshina. Ya ƙirga takalma. Sannan ya ce mashiga tana bukatar abin da suke kira xuanguan, ɗan fili tsakanin waje da ciki inda mai shigowa zai tsaya, ya juya, kafin ya ga gida. Ya ce tsofaffin gidajen tsakar gida na Beijing galibi suna da bango a bayan ƙofa mai suna yingbi, ba ka ganin ciki sai ka kewaye shi, kuma ƙofar tana zama a kusurwar kudu maso gabas maimakon tsakiya.

Tafinta ya gaya mini cewa a nan Alhaji ya karɓi biro ya zana masa soro da shigifa da yadda ƙofofinsu ke saɓa wa juna. Mutumin ya daɗe yana kallon zanen, ya tambaya ko mutanen ƙasarsu sun san chi. Alhaji ya ce a'a, kunya suka sani.

Shawarwarinsa takwas ne. Alhaji ya karɓi shida: a kafa shamaki tsakanin ƙofa da falo, takalma su shiga rufaffen wuri, a ƙara haske a mashiga, madubi ya koma bangon gefe, a riƙa rufe kicin, a bar gaban ƙofa fili babu tarkace. Ya ƙi biyu: tankin kifi a kusurwar da aka ce ta arziki ce, da sulallan nan biyar da suka sake dawowa.

## Mayu zuwa Yuni 2024: aikin da aka yi

An ba wani kafinta aikin kabad da za ta zama shamaki. Faɗinta santimita 120, tsayi 210, kauri 35. Daga ƙasa zuwa santimita 110 rufaffiya ce, tana ɗaukar takalmi ƙafa 24. Daga nan zuwa sama gilashi ne mai hazo a bayan sandunan katako, haske na wucewa, siffar mutum ba ta fita. Tsayin ɗakin santimita 270 ne, saboda haka an bar 60 a sama don iska. Tef ɗin awon kafintan irin mai jan rubutu da baƙi ne, wanda ake dangantawa da Lu Ban, uban kafintocin Sin, ja awo mai sa'a baƙi mara sa'a. Tsohuwar ta sa aka ƙara santimita biyu a faɗi don ya faɗa kan ja. Alhaji ya ce gidanta ne, shi dai takalmi ya shiga.

Kafawar farko ba ta yi ba. An ajiye kabad ɗin santimita 100 daga bakin ƙofa don kada a ci falo. Ƙofar na buɗewa da kyar take wuce ta, kuma gidan ɗan kasuwa ne, kullum ana shigo da kwalayen samfur da manyan jakunkuna. Cikin mako guda an fasa kusurwar gilashin. Ranar 2 ga Yuni aka matsar da ita zuwa santimita 145, aka canza gilashi, aka ɗaure ta da bango ta gefen dama. Mashigar falo ta koma ta hagu, sai ka karya kwana.

Wannan ya bar ƙofar kicin a cikin sabon soron, abin da ba a yi tunaninsa ba tun farko. Uwargida ce ta kawo mafita: a juya kabad ɗin kaɗan ba zai yi ba, a sa wa kicin ƙofa mai zamewa ta gilashi mai hazo, sannan a buɗe tagar miƙa abinci da ke tsakanin kicin da wurin cin abinci, wadda mai haya na baya ya toshe da katako. Da aka buɗe ta, kwano na fita falo ba tare da mai girki ta fito ba. An kuma canza fankar zuƙe hayaƙi da mai ƙarfi.

Sauran ƙanana ne. Benci mai tsawon santimita 90 a bangon dama don mai cire takalmi da mai jira. Ƙwan fitila mai kunna kansa idan an buɗe ƙofa. Ƙarfen da ke mayar da ƙofa a hankali. Madubi a bangon gefe, sama da benci, inda mai fita zai gyara hula. Itacen lemun tsohuwar a kusurwa. Jimillar kuɗi yuan 4,300, tsohuwar ta biya rabi bisa sharaɗin kabad ta zauna a gidan idan sun tashi.

Saura maƙwabci. Bayan an gama aiki Alhaji ya ɗauki tafinta da kwalin dabino suka ƙwanƙwasa masa. Ya buɗe tasa ƙofar ya ce dattijon ya duba daga inda yake tsaye. Abin da ake gani shi ne katako da fitila da lemu. Dattijon ya faɗi nasa: bugun ƙofa da dare yana tayar da matarsa mai ciwon zuciya, ga hayaniyar mutane a tsaye a korido, ga warin girkin da bai saba ba. Ya rantse ba shi ya kai ƙarar kanta ba. Ba a ambaci madubinsa ba ko sau ɗaya. Ranar 19 ga Yuni aka wayi gari babu madubin.

## Oktoba zuwa Nuwamba 2024: gwaji na gaskiya

Baje kolin kaka ya sake zagayowa ranar 15 ga Oktoba, na sauka a gidan kwana shida. Baƙi sun dawo yadda suke, takwas zuwa goma sha biyu. Mai sallama yana shigowa ya zauna a benci, ƙofa ta rufe a bayansa, yaro ya leƙo ya koma ya faɗa, sannan a ce ya ƙaraso. Ba wanda ya tsaya a korido. Uwargida ta ce ba ta ruga ɗaki ko sau ɗaya ba. Ƙofar ba ta sake bugawa ba. Dattijon nan abokin mahaifinsa ya zo dare huɗu a jere, a dare na biyu ma a bencin ya zauna suka gama maganar kuɗi da Alhaji kafin su shiga cikin jama'a, kamar yadda ake yi a soro. Maganar komawa Kano ta mutu.

Ciniki kuwa bai ƙaru ba. A lissafin Alhaji, daga Yuni zuwa Disamba 2023 ya haɗa kwantena 11, a irin wannan lokaci na 2024 ya haɗa 8. Darajar naira ta faɗi ƙwarai a tsakanin, masu turo kuɗi sun rage oda. Abin da ya ragu a kashe kuɗinsa shi ne na gidan abinci. Tsohuwar tana nan kan bakanta cewa da an sa sulalla da kifi da lissafin ya canza.

## Hukunci

A ganina abin da ya gyara gidan nan shi ne santimita 145 na fili da kwana ɗaya da aka tilasta wa mai shigowa ya karya. Labule ya gaza don iska ta fi ƙarfinsa kuma bai ba baƙo wurin zama ba. Kanta ta gaza don ta tura matsalar gida zuwa hanyar jama'a. Madubi ya gaza don an sa shi maganin duhu ba a duba abin da zai nuna ba. Kowane ɗayansu alama guda ya bi, alhali ido da iska da wari da takalma duk a layi ɗaya suke tafiya, daga korido zuwa baranda, kuma shamakin ya yanke layin a wuri guda.

Masanin feng shui ya cancanci a ba shi haƙƙinsa. Shi ne mutum na farko cikin wata takwas da ya tsaya a bakin ƙofar ya karanta ta gaba ɗaya, kuma idon da ya yi hakan sana'arsa ce ta horar da shi. Mutanen da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna lura da inda iska ke bi da inda mutum ke sakewa sun tara sani na gaske, ko da bayanin da suke ba shi na chi ne. Ban ga wata shaida a wannan gida cewa arziki na bin ƙofa ya fita ta baranda ba, littafin Alhaji ma bai nuna haka ba. Ɓangaren laya da lissafin haihuwa an bar shi gaba ɗaya, gyaran kuma ya yi aiki ba tare da shi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wata bakwai da aka yi ana gaba da dattijon da ke ƙetaren korido. Da tafinta ya fassara maganar mai kamfanin yadi a Oktoba, ko da Alhaji ya tambayi ma'anar katakon nan a ranar da ya gan shi, da an gane tun wuri cewa gidaje biyun abu ɗaya ke damunsu. Laifin Alhaji a nan shi ne ya san soro tun yana yaro, ya kwana a cikinsa, amma bai kawo shi a rai ba sai da wani ya bayyana masa irinsa da sunan Sinanci, saboda a tunaninsa soro na gidan ƙasa ne, ba ya hawa bene.

Gyaran yana da farashinsa. Falon ya rasa kusan murabba'in mita biyu, masu sallar jam'i da suke yin sahu biyu suna fuskantar yamma, inda alƙiblar Guangzhou take, yanzu sai an ɗaga teburi. Iskar da ke ratsa gidan tana sanyaya shi ta ragu, kuɗin wutar na'urar sanyi ya ƙaru da kimanin yuan 80 a wata lokacin zafi. A Maris na 2025 da laima ta dawo, cikin kabad ɗin ya yi funfuna saboda kafinta bai bar mata hanyar iska ba. Alhaji ya ce an huda ramuka goma sha biyu a bayanta, an kuma ɗage ta santimita takwas daga ƙasa, a lokacin yana jiran Maris na 2026 ya ga ko hakan zai isa.